Hutun Kowa, Aikin Fada

Da zarar watan Disamba ya raba tsakiya sai makarantu su rufe, tashoshin mota su cika maƙil da masu komawa gida bikin Kirsimeti. To, amma akwai mutum guda wanda hutun jama'a shi ne lokacin da ba ya samun sukuni, watau limamin cocin Katolika, wanda mabiyansa ke kira Fada.

Aikinsa yakan fara tun Lahadi 4 kafin ran 25 ga Disamba, lokacin da suke kira na jiran zuwan Almasihu. A koyarwarsu ana son mutum ya shiga bikin da tsarkin zuciya, saboda haka sai ka iske layin masu furta zunubi, Fada na zaune yana sauraronsu ɗaya bayan ɗaya har dare. Abin da ya ji kuwa ba shi da ikon faɗa wa kowa, ko da alƙali ne ya tambaye shi. Ga baftismar jarirai, ga ɗaurin auren 'yan birni masu son a yi bikinsu sa'ad da dangi suka hallara, ga kuma tsofaffi da majiyyata waɗanda tilas ya bi su gida-gida.

A karkara, kamar ƙasar Shendam inda fadocin mishan suka sauka a 1907, ko wajen Kafanchan, babbar coci guda takan riƙe ƙananan majami'u barkatai a ƙauyuka. Kowace tana da katekis, malamin da ke koyar da addini da jagorantar addu'a, amma ba shi da izinin yin Mas, watau babbar ibadarsu, balle sauraron furta zunubi. Dokar cocin ta 1983 ta ce Fada ya yi Mas sau ɗaya a rana. In akwai ƙarancin limamai, Bishop na iya yarje masa sau 2, ran Lahadi har sau 3. Ranar Kirsimeti kuwa an ba shi 3: na tsakar dare, da na asuba, da na rana. Sai ya gama a nan, ya hau babur ko ya shiga mota cikin ƙurar hunturu ya nufi can. Ƙauyen da bai samu isa ba, sai su yi haƙuri har kashegari ko jibi. Tun bayan babban taron Vatican na 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a bayan Latin, Fada a Arewa yakan shirya wa'azinsa da Hausa da Turanci.

Duk wannan gajiya ce, gajiya kuwa barci ke maganinta. Abin da ya fi nauyi shi ne fargaba. Ran Kirsimetin 2011 bom ya tashi a ƙofar cocin St. Theresa da ke Madalla a Jihar Neja, ya kashe fiye da mutum 30. Fadan cocin a lokacin, Isaac Achi, ya tsira. A watan Janairun 2023 'yan bindiga suka cinna wa gidansa wuta a Kafin Koro, ya rasu a ciki. Saboda irin wannan ne majami'u da yawa suka mai da Mas na tsakar dare zuwa maraice, aka kuma shiga binciken masu shiga a bakin ƙofa. Mutumin da aka horar don wa'azi ya koma lissafin wace hanya za ta biyu kafin duhu.

Ra'ayin wannan fili shi ne, hukumomin tsaro su daina tattara jami'ansu a manyan cocin birni kaɗai, su tuna da hanyoyin ƙauye da Fada ke bi shi kaɗai. Maƙwabta kuma, kowane addini suke bi, su sa ido a kan baƙuwar fuska, domin an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hanyar da ta gagari Fada ran Kirsimeti, ita ce za ta gagari mai zuwa Idi ran Sallah.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kai mu mako mai zuwa.