Wakilin da Ba a Naɗa Ba

A wurin ɗaurin aure, wakilci ba ya inganta sai ango ya naɗa wakilinsa. Shi ya sa kalmar "wakili" ta dace da manhajar da ke tsayawa tsakanin mai bincike da intanet, muddin shi da kansa ya shigar da adireshinta a burauzarsa. Sai dai akwai wani nau'in da cibiyoyi da dama, har da jami'o'i, suka fi so, wanda ke kama aiki ba tare da an tambayi kowa ba.

Kafa shi ba wuya. Mai kula da sadarwa zai ɗora manhajar Squid a kan katangar tsaro irin pfSense, ya gindaya doka guda: duk buƙatar da ta nufi ƙofa ta 80 a karkatar da ita zuwa ƙofa ta 3128, inda Squid ke jira. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Wakilin yana adana shafukan da ake yawan nema, ya rage cin data, ya toshe masu cutarwa.

Amma yanzu galibin shafuka a kulle suke tafiya, ta ƙofa ta 443, kuma wakili ba ya adana abin da bai gani ba. Kafin ya gani, dole ya ƙirƙiro takardar shaida da sunan kowane shafi, a kuma dasa shaidar cibiyar a na'urorin masu amfani don su gaskata ta. Daga nan kalmar sirri, da wasiƙa, da hirar da manazarci ya naɗa da ɗan bori bisa alkawarin sakaya sunansa, duk a buɗe suke ratsa na'urar da manazarcin bai san da ita ba. Alkawarin nan ya karye tun kafin a kai ga rubuta babi na farko.

Sunan da aka fara ba shi a Turanci yana nufin abin da ake hango waje ta cikinsa, kamar gilashi. Masana fannin ma ba su gamsu da shi ba: takardar RFC 3040 ta 2001 ta kira shi mai tarewa, Squid ma ta koma ga wannan kalma. Bai kamata masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin Hausa su gaji sunan farko ba. "Mai tare hanya" ya fi faɗin gaskiya, kuma malamin da ya ji shi zai tambayi sashen sadarwa ko ana buɗe wasiƙunsa, da tsawon lokacin da ake ajiye rajistar shafukan da ya ziyarta.