Takardar Koke Kan Sayar da Nokawut da Banga a Kasuwanni da Unguwannin Kano

Zuwa ga Mai Girma Kakakin Majalisar Dokokin Jihar Kano,

Mu iyaye ne da 'yan kasuwa da ke zaune a cikin birni da kewaye. Mun kawo kukanmu ne kan nokawut da banga da sauran kayan tartsatsin wuta da ake baza wa yaranmu a tebur duk lokacin Sallah, da Maulidi da Takutaha, da Kirsimeti da sabuwar shekara, yanzu ma har da kamu da ɗaurin aure.

Ba mu ce hukuma ta yi shiru ba. Kusan duk shekara, idan biki ya gabato, rundunar 'yan sanda kan fitar da sanarwar hana buga su, a karanta a rediyo, kowa ya ji. Amma sanarwar kan tsaya ne a kan mai kunnawa, shi kuwa mai kunnawa yawanci ɗan firamare ne da barka da Sallah a aljihunsa. Wanda ya shigo da kwalayen, da dilan da ya tara su a sito, da mai teburin da ya jera su gefen alewa da cingam, duk suna nan suna cinikinsu. An bar jaki ana dukan taiki.

Ranka ya daɗe, ka leƙa lungu da yammacin ranar Sallah ka gani. Yaro zai ƙyasta nokawut a jikin kwalin ashana ya wurga, wani lokaci ta yi shiru kamar ta mutu. Sai ya ruga ya ɗauka ya kawo kusa da fuska don ya duba, nan take ta tashi a hannunsa. Haka ake samun ƙonewar yatsu da raunin ido. Wani kuma ƙarƙashin adaidaita sahu zai cilla ta, ko bayan tsohuwa mai tallar ƙosai da kaskon mai a kan wuta, ko kusa da ɗan bumburutu da jarkokin fetur a jere. Dariya ake yi, har sai ranar da ba a yi ba.

Tsoronmu mafi girma shi ne sito. Ranar 26 ga Disamba, 2012, wani ɗakin ajiyar irin waɗannan kaya ya kama da wuta a yankin kasuwar Jankara da ke tsibirin Legas. Gine-gine sun ƙone, an yi asarar rai, mutane da dama sun jikkata. A Meziko ma, ranar 20 ga Disamba, 2016, kasuwar kayan tartsatsi ta garin Tultepec ta tashi gaba ɗaya, mutum sama da 30 suka mutu, alhali can sana'arsu ke nan tun kaka da kakanni. Mu a nan ba sai an ba mu labarin gobarar kasuwa ba. Wutar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta mayar da masu shago dubbai 'yan kallo a dare ɗaya. To ina ga an ajiye kwalaye masu albarushi a tsakiyar rumfunan atamfa da roba, ga iskar hunturu, ga lungunan da motar kwana-kwana ba ta iya shiga?

Akwai kuma abin da baƙo ba zai gane ba. Garin nan ya ga hare-haren 20 ga Janairu, 2012, ya ga harin babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan Sarki ranar 28 ga Nuwamba, 2014. Har yau akwai mutanen da idan suka ji ƙara mai ƙarfi sai gabansu ya faɗi, masu hawan jini kuwa sai a kwana ana yi musu fifita. Ɓarayi da masu ƙwacen waya sun san haka, sun kuma san cewa a daren da kowane lungu ke tashi da banga, ba mai iya bambanta ta da harbin bindiga.

Mun san za a ce batun abubuwan fashewa na gwamnatin tarayya ne, kuma akwai dokarsu tun 1964. Gaskiya ne. Sai dai kasuwa da shago da tebur a bakin titi, tsarin mulki ya sa kula da su a hannun ƙananan hukumomi, su kuwa ƙananan hukumomin nan 44 da dokar Majalisarka suke aiki. Nan muke roƙon a kama.

Muna roƙon a yi doka tsayayya wadda ba sai biki ya zo za a tuna da ita ba. A hana sayar da nokawut da banga a tebur da shagunan unguwa kwata-kwata, a kuma hana sayar wa yaro ko da a ina ne. A haramta ajiye su a cikin kasuwa ko gidan da mutane ke kwana, a ba hukumar kashe gobara ikon shiga sito ta duba kafin Sallah da kafin Disamba. Tara kuma ta hau kan dila, ta yi nauyin da ribar kwali ba za ta biya ba. Mai biki da ya ga lallai sai ya haska sama, ya nemi izini a rubuce, a yi a fili nesa da gidaje, a hannun wanda ya san aikin. Su kuwa ƙananan masu tebur, da yawansu maƙwabtanmu ne kuma ba mugunta ta sa su ba, a ba su wa'adi su mayar da kayan ga dila kafin a fara kame.

Idan kwamitin Majalisa ya kira zaman jin ra'ayin jama'a, a shirye muke mu zo, tare da masu unguwanninmu da iyayen yaran da abin ya shafa.



Mu ne naka,
Iyaye da 'yan kasuwa mazauna birnin Kano da kewaye