Daga tsakar gida zuwa gasa: abin da Tumbutu ke buƙata ba siminti ba ne

Gwamnatin Patrice Talon ta gina filayen wasa na zamani guda 22 a ƙananan hukumomin Jamhuriyar Benin, kuma Malanbil, garin kasuwar nan da ke bakin kogin Kwara yana kallon Gaya ta Nijar, ya samu ɗaya. Ba wanda zai ce ba a yi aiki ba. Sai dai ƙaramar hukumar Malanbil ba birnin kaɗai ba ce. Gundumomi biyar ne, Malanbil, Garu, Gene, Madekali da Tumbutu (ta Benin, ba ta Mali ba), a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 3,000 da 'yan kai, kuma ƙidayar 2013 ta samu mutane fiye da 160,000 a cikinta, galibinsu a wajen birnin. Yaron da ke wani ƙauye na Tumbutu, wanda safiyarsa ta tafi a makaranta, yammacinsa a fadamar shinkafa ko lambun albasa, ba zai biya kuɗin kabu-kabu ya je birni wasa ya dawo kafin magariba ba. Filinsa shi ne dandalin ƙauye da harabar makaranta. Ra'ayina shi ne, kuɗin da za a ƙara kashewa a kan wasanni a irin waɗannan wurare ya kamata su tafi wajen mayar da wasan dandali gasa mai tsayayyar ƙa'ida da tsayayyen lokaci. Hujjata mafi ƙarfi kuwa daga wani wasan Amurkawa take, wanda a ido na yara ne.

Besbol na ainihi wasa ne mai tsada. Kowace ƙungiya mutum tara, fili mai zurfin mita ɗari ko fiye, ƙwallo mai tauri da nauyinta ya kai giram 145, wadda ke fasa gilashin taga ta kuma cire haƙori, ga safar hannu ta fata, ga hular kwano, ga alƙalai. A 1953, a garin Fairfield na jihar Connecticut, wani mutum mai suna David Mullany ya ga ɗansa ɗan shekara 12 da abokansa suna fama su kwaikwayi wannan wasa a tsakar gida. Ya yi ta yanka roba yana gwadawa har ya tsaya a kan ƙwallo mara komai a ciki, mai dogayen huji takwas a ɓari guda, ɗaya ɓarin kuma a shafe. Nauyinta kimanin giram 20 ne. Da yake iska ba ta ratsa ɓangarorin biyu daidai, ƙwallon tana karkacewa, ta nutse ko ta tashi gwargwadon inda mai jifa ya fuskantar da hujin, ko yaro ne ya jefa. Kuma ko ƙato ne ya maka mata sanda ba ta tafiya nesa. Ita ce ƙwallon Wiffle, wadda har yau iyalin Mullany ke ƙerawa a garin Shelton, tare da siririyar sandar roba rawaya.

Abin da ya fi ƙwallon muhimmanci shi ne yadda aka lanƙwasa dokar wasan ta shiga tsakar gida. A ƙa'idar da kamfanin ya shimfiɗa, fili mai kusurwa uku ya wadatar, faɗinsa mita 6 a can ƙarshe, tsawonsa kimanin mita 18. Ƙungiya na iya zama mutum biyar, tana iya zama mutum ɗaya. Babu gudu daga tasha zuwa tasha kamar a besbol. An ja layuka a ƙasa: ƙwallon da ta wuce layin farko ba a cafe ba ta ba mai bugu tasha ɗaya, wadda ta wuce na biyu ta ba shi biyu, wadda ta tsallake iyaka ta ci gaba ɗaya, masu gudu kuwa a ka ake riƙe lissafinsu. Da manya suka karɓi wasan suka fara shirya gasa, sai suka ƙara abu guda da nake ganin shi ne hikimar lamarin duka. A besbol, alƙali ne ke tsayawa bayan mai bugu yana yanke ko jifa ta yi kyau ko ba ta yi ba, kuma nan ne tushen yawancin rigima. Masu gasar Wiffle da yawa sai suka kafa allo a bayan mai bugu. Idan ƙwallo ta daki allon ba a buga ta ba, jifa ta ci. Idan ta kauce, ba ta ci ba. Kowa ya gani, kowa ya ji ƙarar. Ba a saye allo, ba shi da ɗan'uwa a cikin 'yan wasa. Gasannin da suka bar gudu a ciki su ma sun rage wurin gardama: a wasu, da zarar ƙwallo ta koma hannun mai jifa kafin mai gudu ya taka tashar farko, ya fita. Ana gajarta wasa, ana tsayar da shi idan tazarar maki ta yi yawa, ana fara gasa da rukuni a ƙare da sili-ɗaya-ƙwale, ta yadda ƙungiyoyi masu yawa za su gama cikin Asabar da Lahadi.

Da wannan tsari mai araha wasan ya yi shekaru yana tara jama'a. Gasar da ake kira ta duniya ta fara a Mishawaka ta jihar Indiana a 1980. Wani matashi, Kyle Schultz, ya kafa tasa da 'yan'uwansa da maƙwabta a Brighton ta jihar Michigan a 2009, ga ta yau da ɗimbin 'yan kallo a YouTube. A jihar Vermont, gasar da gidauniyar Travis Roy ta riƙa shiryawa a wani ƙaramin fili da ke bayan wani gida ta tara miliyoyin daloli don masu ciwon laka kafin a rufe ta a 2021. Babu ɗaya cikinsu da ta jira gwamnati ta gina mata fili. Abin da suka mallaka shi ne doka da aka amince da ita kafin a fara, da littafin da ake rubuta wanda ya ci bara, da rana da kowa ya san za ta dawo.

Mai karatu zai iya cewa wannan labarin Amurka ne, inda mutane suka ƙoshi har suke neman abin da za su kashe lokaci da shi. To a dubi Benin ɗin kanta. Wasan petank, wanda ake jefa ƙwallayen ƙarfe kusa da wata 'yar mitsitsiya, a garin La Ciotat na kudancin Faransa aka ƙirƙiro shi a farkon ƙarni na 20, ta hanyar rage tsohon wasa: aka gajarta fili, aka hana gudu kafin jifa, saboda wani gwani da ciwon gaɓɓai ya hana shi motsi. Fili na tsakuwa ko turɓaya a gindin bishiya ya ishe shi. A Satumbar 2023 Kwatano ta karɓi gasar petank ta duniya, kuma 'yan Benin biyu, Laïma Sambo da Marcel Gbétablé, suka ci zinariya a wasan mace da namiji. Ƙwallon ƙafa, duk da kuɗin da aka zuba mata, ba ta taɓa kawo wa ƙasar irin wannan ba. A tsallaken kogi kuma ga kokawa. Kokawar ƙauye ta daɗe a ƙasar Hausa da Dandi da Zabarma, amma ba ta zama abin da ke tsayar da Nijar cak ba sai da aka fara gasar takobin ƙasa a Tawa a 1975, aka tsayar da abin da ake kira kaye, aka sa lokaci, aka riƙa zagayawa da ita jiha-jiha. Daga nan ne sunan Issaka Issaka na jihar Doso, jihar da Gaya take ciki, ya zama sananne har a rumfunan kasuwar Malanbil. Da'irar yashi ce dai da buhuna. Tsari ne ya canza.

Akwai masu cewa ƙaramin wasa ba ya kai yaro ko'ina, gara ya nace wa ƙwallon ƙafa ko Allah zai sa wata ƙungiyar Turai ta gan shi. Wannan magana tana auna wasa da mutum ɗaya cikin dubbai, ta manta da sauran. Ko a kan ma'auninta ma ba ta tsaya ba. A Karachi ta Pakistan matasa sun naɗe ƙwallon tanis da salatif ɗin masu gyaran lantarki don su buga kurket a lungu, suka riƙa shirya gasar dare a watan azumi, kuma daga wannan wasan titi manyan masu jifa irin su Wasim Akram suka taso. Hukumar besbol ta duniya da kanta ta gane cewa tsadar kaya ce ta hana wasanta shiga ƙasashe matalauta, sai ta ɗauko wasan lungu na Kuba ta tsara shi da sunan Baseball5: mutum biyar-biyar, maza da mata a haɗe, fili mita 18 a kowane gefe, babu sanda, babu mai jifa, da tafin hannu ake buga ƙwallon roba. An yi gasar duniyarsa ta farko a birnin Meziko a 2022, Kuba ta ci, kuma an sa shi cikin jerin wasannin Olamfik na matasa na Dakar 2026, karo na farko da aka ba nahiyar Afirka wata gasar Olamfik. Ƙofar da ke tsakanin dandali da babban fage ba a rufe take ba.

Suka mafi nauyi ita ce wadda ke cewa me ya kai mu ɗauko wasan wasu alhali muna da namu. Na yarda da ita kusan gaba ɗaya. Ƙwallon Wiffle tana fashewa, ba a sayar da ita a kasuwar Malanbil, kuma duk shirin da ya dogara da kwalin kaya daga ƙetare yakan mutu ranar da kwalin ya ƙare. Mun ga haka a ayyukan ƙungiyoyin agaji ba sau ɗaya ba. Ba ƙwallon nake so a ɗauko ba, dabarar nake so. Ga langa, wadda ba ta buƙatar komai sai ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a hannu, da wanda aka naɗa ruwa ana kare shi har ya sha. Najeriya ta riga ta sa ta cikin gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa da ayo, har da abula, wasan sandar katako da raga da wani malamin makaranta, Elias Yusuf, ya ƙirƙiro a Legas a 1984. Ga dara ta dattawa. Ga ƙwallon ƙafa ta ƙaramar raga, wadda 'yan Kodebuwa suka tsara da sunan marakana har ta samu hukuma da gasar nahiya. Tambayar da ya kamata masu shirya kowane ɗaya su yi ita ce wadda masu Wiffle suka yi: a ina ne rigima ke tashi a wasan nan, kuma wane layi a ƙasa ko wane allo zai raba ta ba tare da an dogara da bakin mutum ba? Duk wanda ya san gasar ƙwallo ta ƙauye ya san yadda take yawan ƙarewa: alƙali ɗan wancan gari ne, ko an sako ƙato a gasar yara, sai jifa da duwatsu, sai mai gari ya hana. Ba rashin fili ne ke kashe su ba.

Wasu na tsoron cewa rubuta doka zai busar da wasan gargajiya, ya shafe bambancin da ke tsakanin langar wannan ƙauye da ta wancan. Wiffle ta amsa wannan da kanta, domin har yau ba ta da doka guda. Wata gasa tana ƙayyade ƙarfin jifa don tsoho da yaro su iya bugawa, wata ta sake shi. Wata ta yarda a kankare ƙwallo da wuƙa ko takardar yashi don ta ƙara karkacewa, wata ta hana. Sharaɗin kawai shi ne a san dokar wannan gasa kafin a jefa ƙwallon farko. Haka batun 'yan mata. Haɗa maza da mata a fili ɗaya, kamar yadda Baseball5 ta wajabta, ba lallai iyaye a Tumbutu su karɓe shi ba, kuma tilasta shi zai sa a janye 'yan matan ne kawai. Amma wasan da mita 18 ta ishe shi yana shiga cikin katangar makaranta, a yi na 'yan mata daban ƙarƙashin idon malamansu mata, abin da babban filin birni ba zai iya bayarwa ba.

Saura maganar cewa yankin na da damuwar da ta fi wasa. Gaskiya ne. Rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya karya kasuwancin da dubban matasa ke ci daga gare shi, daga masu dako zuwa 'yan kamasho. Hare-haren 'yan bindiga a kewayen gandun dajin W sun addabi jihar Alibori da Malanbil ke ciki, kogi kuma yakan cika ya cinye gonakin shinkafa. Ba zan ce gasar langa za ta hana saurayi shiga daji ba. Masu faɗin haka suna sayar da wasa da tsadar da ba tasa ba. Abin da zan ce ƙarami ne. A lokacin da doguwar tafiya da babban taro suka zama abin lissafi, gasar da ake yi da rana tsaka, a cikin gari, tsakanin unguwanni da ƙauyukan da ke kusa da juna, ita ce kusan kaɗai mai yiwuwa, kuma kuɗinta ba zai taɓa kasafin magani ko na madatsar ruwa ba.

Inda nake jin tsoro shi ne hannun da za a danƙa wa abin. Kofin ɗan siyasa yakan zo da riguna masu hotonsa ana saura wata uku zaɓe, ya ɓace bayan an ƙirga ƙuri'a, kuma gasar da ba ta dawowa ba ta haifar da zakaran da za a yi burin kayarwa baɗi. Ya fi kyau ofishin magajin garin Malanbil ya ware ɗan kaso tsayayye a kasafinsa, ya bar gudanarwa ga shugabannin makarantu da masu unguwanni na kowace gunduma, a tantance shekarun yara da rajistar makaranta, a ajiye littafin sakamako a ofishin gunduma, kyauta kuma ta zama kaɗan yadda ba za ta jawo 'yan caca ba. Lokacinta daga Disamba zuwa Fabrairu, bayan an shigar da amfanin damina kuma kafin zafin bazara ya sauka. Zakarun gundumomi biyar ɗin su haɗu a wasan ƙarshe a sabon filin Malanbil, ranar da ba ta kasuwa ba.