RAIRAYI YA SHA SHARA, TO RUWAN FA?

Idan hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, ma'aikata da dama daga jihohin Arewa sukan ɗauki iyalinsu su nufi Ikko, makarantu kuma sukan cika mota da ɗalibai don yawon buɗe ido, kuma babu abin da kowa ke ɗokin gani kamar teku. Tambayar da akan yi kafin a kama hanya ita ce, wane bakin teku ya fi tsabta? Amsar kuwa daga hotuna akan samo ta, ko daga bakin wanda ya taɓa zuwa, watau dai abin da ido ya gani. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin ruwan teku kam, ko kimar ma bai sani ba.

Dattawan da suka yi aiki a Ikko tun tana hedkwatar ƙasa ba su sha wahalar zaɓe ba, domin Bar Beach na nan a tsibirin Victoria, kyauta ga babban sakatare da masinjansa. Wurin yana da nasa mugun tarihin, don a nan aka riƙa harbe 'yan fashi a bainar jama'a, har da Ishola Oyenusi a 1971, amma duk da haka filin na kowa ne. Shingayen duwatsun da Turawan mulki suka gina a mashigin tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912 sun tare rairayin da igiyar ruwa ke kawowa daga yamma, teku ta yi ta cin gaɓar shekara da shekaru, har ruwa yakan hau titin Ahmadu Bello. Daga 2008 aka fara cike wurin don gina sabon birnin Eko Atlantic, Bar Beach ta zama labari. Wuraren da suka yi suna bayanta, irin su Elegushi da Oniru, sai da kuɗin shiga. Landmark, wadda masu iyali suka fi so saboda tsarinta, an rushe ta a watan Afrilu na 2024 don hanyar da za ta bi gaɓa daga Ikko zuwa Kalaba.

Saboda haka mai neman tsabta a yau biya yake yi a bakin ƙofa. To, me ya saya da kuɗinsa? Ya sayi rairayin da aka share da asuba, da kujera, da rumfa. Bai sayi ruwa ba, domin mai karɓar kuɗin ƙofa ba shi da iko da abin da ke cikinsa. Yawancin gidajen Ikko ba a haɗa su da wani babban bututun kwashe ƙazanta ba, ramin masai suke amfani da shi, kuma idan aka tafka ruwan sama, abin da ke cikin kwata da lambatu yakan gangara cikin tafkin birnin, daga nan ya fita teku. Leda da gorar roba ana ganinsu, ana iya tsincewa, kuma Gwamnatin Jihar Legas ta kyauta da ta hana amfani da mazuban abinci na kumfa a watan Janairu na 2024. Amma ƙwayoyin cutar da ke jawo gudawa da amai da ciwon kunne da ƙuraje ba su da launi. Ruwa yana iya yin garau alhali kuwa yana ɗauke da su, kuma ƙananan yara, waɗanda suka fi kowa kurɓar ruwa wajen wasa, su suka fi kamuwa.

Ba wani abu ne mai wuya a gane wannan ba, awo ne kawai. Akwai lambar yabo ta Shuɗiyar Tuta, wadda aka ƙirƙiro a Faransa a 1985, ta bazu a Turai daga 1987, Afirka ta Kudu kuma ta zama ƙasa ta farko da ta shiga tsarin daga wajen Turai a 2001. Kafin a kafa tutar sai an riƙa ɗibar ruwa aƙalla sau ɗaya a wata ana kaiwa ɗakin gwaji, ana ƙirga ƙwayoyin da ke fitowa daga bayan gida, sa'an nan a manna sakamakon a allo inda kowa zai karanta. Dole kuma a tanadi makewayi da masu ceto ko kayan ceto, kuma shekara-shekara ake sabunta lambar. Lokacin da ambaliyar watan Afrilu na 2022 ta lalata matatun ƙazanta na birnin Durban, awo ya nuna ruwan ya gurɓace, hukuma ta rufe wuraren wanka, ko da yake masu otal sun yi asara mai yawa. Mai ziyarar Ikko kuwa da wuya ya tarar da irin wannan allo a ƙofa. Farashin shiga dai yana nan a rubuce ɓaro-ɓaro.

Kafin hukuma ta farka, tilas magidanci ko malamin da ya jagoranci ɗalibai ya zama shi ne duba-gari. Ya zaɓi rani, Disamba ko Janairu, kuma kada ya bari yara su shiga ruwa sai an kwana biyu ko uku bayan ruwan sama mai ƙarfi. Ya taka ƙafa ya bi gaɓar, idan ya ga kwata ko rafi na zuba a kusa, ya canja wuri. Ya fara leƙa makewayi kafin ya duba rumfa, domin inda babu makewayi mai ruwa ga ɗaruruwan mutane, an san inda suke zagayawa. Sa'an nan ya tambaya a nuna masa masu ceto da idonsa. Wannan ya fi shafar 'yan Arewa, domin wanda ya koyi iyo a kududdufi ko a kogin Kaduna yakan ɗauka ya iya ruwa, bai san tekun Atlantika tana da wata igiya mai jan mutum ciki ba, wadda ba a kuɓuce mata ta hanyar dannowa gaɓa kai tsaye, sai an ratsa gefe.

Amma wannan duk dabarar wanda aka bari da kansa ce. Jihar Legas tana da Hukumar Kare Muhalli, tana kuma da jami'o'i masu ɗakunan gwaji. Kamata ya yi ta wajabta wa duk mai karɓar kuɗin ƙofa ya manna sakamakon awon ruwa na kowane wata, wanda bai cika ƙa'ida ba a rufe shi har ya gyaru. Kamata ya yi kuma, a cikin kilomita fiye da 800 na gaɓar tekun Nijeriya, a keɓe fili ko da ɗaya ne kusa da birnin, mai makewayi da masu ceto, wanda ƙaramin akawu daga Gusau ko ɗan dako daga Agege zai shiga da 'ya'yansa ba tare da an tare shi a ƙofa ba.