KOWANE LOKACI DA TUKUNYARSA



 Yau magana ce a kan tukunyar gida da kofin da ake miƙa wa baƙo. Ra'ayina a taƙaice shi ne: gidan da yake cin abin da gona ta bayar a lokacinsa ya fi samun lafiya da sauƙin aljihu a kan gidan da cefanensa daga Janairu zuwa Disamba bai wuce taliya, magi da lemon kwalba ba. Ku biyo ni a hankali.

*Me ya sa na ce haka?*

Abin da yake kan kakarsa ya nuna ne a jikin uwarsa, bai daɗe a hanya ba, kuma yana da araha saboda ya cika kasuwa. Wanda aka kawo maka kafin lokacinsa kuwa, sai ka tambayi kanka yadda aka yi ya nuna. Hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan masu nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin kabaid, wanda masu walda ke amfani da shi. Za ka ga ɓawo ya yi jawur, ka yanka ka tarar da ciki ɗanye, ba ƙamshi ba zaƙi. Haƙurin sati 2 ko 3 kawai ake buƙata, na gaskiya ya sauko.

*Bazara*

Daga Maris zuwa Mayu jiki ruwa yake nema. Duba abin da ke tire a lokacin: kankana, mangwaro, yazawa, ga tsamiya da 'ya'yan kuka sun bushe sun shigo kasuwa, ga garin ɗorawa. Uwargida, jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi, ki tace, ki sa ɗanyar citta da kanumfari 3 ko 4, ki bari ya huce a randa. Yana kashe ƙishirwa, yana kuma sassauta ciki ga mai fama da taurin bayan gida. Garin ɗan kuka a dama da nono, wato kwalba da nono, yana ɗauke da bitamin C mai yawa. Fura da nono kuwa ba sai na gabatar muku da ita ba.

Kunun aya: gwangwani 2 na aya a wanke a jiƙa ta kwana, dabino 10 a cire ƙwallo, rabin kwakwa, ɗan yankin citta. A markaɗa, a tace. Ba ya buƙatar sukari ko kaɗan. Amma fa a sha shi a ranar, domin zafi na saurin juya shi.

*Damina*

Wannan lokacin ganye ne. Zogale, rama, yakuwa, lalo, tafasa, alayyahu, ɗanyar kuɓewa, wasu ma a bayan katanga suke fitowa ba wanda ya shuka. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, faten tsaki da rama ko yakuwa, dambun masara da zogale: abincin da iyayenmu suka yi noma da shi ke nan a watan da rumbu ya yi ƙasa. Ganyen nan na da sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini, kuma in aka matsa lemon tsami ko aka yanka tumatir a kai, jiki ya fi ɗaukarsa. Shayi mai kauri a kan abinci kuwa rage ɗaukarsa yake yi, don haka a jinkirta shi kamar awa 1, musamman mai ciki da mai shayarwa.

Sai dai damina ita ce kuma lokacin amai da gudawa. A wanke ganye sosai, a tafasa ruwan da za a haɗa abin sha da shi, a kiyayi ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. In gudawa ta kama yaro, zoɓo ko tsamiya ba su ne magani ba. A ba shi ORS, in babu a haɗa lita 1 ta tafasasshen ruwa da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a nufi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

*Kaka*

Sabon gero, sabon wake, gurjiya, gyaɗa, riɗi, kabewa. Miyar taushe da kabewar bana daban take, kowa ya sani. Kunun gyaɗa da ɗan tsamiya ya wadatar da yaro karin kumallo kafin makaranta. Abin lura a nan shi ne ajiya. Gyaɗa ko masarar da aka zuba a buhu ba ta gama bushewa ba takan yi fumfuna, kuma wannan fumfunar na haifar da guba mai lahanta hanta wadda dahuwa ba ta kashe ta. A tsince duk ƙwayar da ta canja launi ko ta yi ɗaci a zubar. Kada a ce asara ce a mayar da ita ƙuli-ƙuli.

*Hunturu*

Sanyi ya zo, noman rani ya fara sauka: tumatir daga Kadawa da Kura, albasar Aliero da ta Galmi, karas, kabeji, ga lemon zaƙi da rake. Lokacin abin sha mai ɗumi ne. Kunun tsamiya da safe, ruwan citta da kanumfari da masoro da lemon tsami da yamma, a sa zuma in da hali. Amma jaririn da bai cika shekara 1 ba kada a ba shi zuma. Kuma yanzu ne tumatir ke araha, to yanzu ne ake yin kauɗa don ranar tsada. A shanya a kan tabarma mai tsabta a cikin gida, a bar shanya a gefen kwalta inda hayaƙin mota da ƙura ke sauka. Zogale kuma a inuwa ake busar da shi.

*Maganar haɗin abin sha*

Yanzu matasa sun koyi haɗe-haɗen lemo a wurin biki, a jera kofuna kala-kala da sunayen Turawa. A can inda abin ya samo asali, da yawansa da giya ake haɗawa, wannan kam ba namu ba ne. Wanda ake yi a nan kuwa, mafi yawa lemon kwalba ne da kala da garin ƙamshi na leda. Kwalba ɗaya mai cl 50 ta irin lemon nan sukarin cikinta kan haura ƙaramin cokali 10, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce kimanin cokali 12 a yini gaba ɗaya. Ka ga ke nan kofi biyu a wurin biki sun wuce da kai.

Ku tuna abin da ya faru a Kano a watan Maris na 2021, lokacin da ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasu, bayan shan abin sha da aka haɗa da gurɓataccen garin da ake kira ɗan tsami. Ga tsamiya a bishiya, ga lemon tsami a lambu, me ya kai mu ga farin garin da ba mu san asalinsa ba?

Zoɓon da ake nomawa a Jigawa, kwantena-kwantena ake ɗauka zuwa Meziko suna sha suna yabawa. Cittar Kachia ma har ƙetare ake nemanta. Mu da muke da su a ƙofar gida sai mu raina? Ga haɗin da za ki fita kunyar baƙi da shi: zoɓo gwangwani 1 a ɗauraye, a tafasa a lita 3 na ruwa da citta, kanumfari da wankakken ɓawon abarba. A tace, a markaɗa naman abarbar da dabino a zuba, a yanka kokwamba a kai. A lokacin kankana a sa ruwanta, a lokacin lemo a matsa lemo.

Sharuɗɗa 3 a kiyaye. Zoɓo na saukar da hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini ya sha daidai, ya sanar da likitansa, kada kuma ya ajiye ƙwayarsa ya ce zoɓo ya isa. Mai ciki ta bar shi sai ta sauka. Mai ciwon sukari ya sani dabino, zuma da mazarƙwaila duk zaƙi ne, a auna su. Sannan duk abin sha mai zaƙi da aka bari ya kwana biyu cikin zafi har ya fara kumfa da warin tsami, a zubar. Ko a zamanin Manzon Allah (SAW) jiƙon dabino ba a barinsa ya wuce kwana 3, don gudun ya rikiɗe.

Wata za ta ce, Malam, ai wannan aiki ne, ga wanki ga yara ga sana'a. Gaskiya ne, buɗe kwalba ya fi jiƙa tsamiya sauƙi. To a fara da kaɗan: abin sha ɗaya na gida a yini, miyar ganye sau 3 a mako, a rage magi a ƙara daddawa. Maigida, kai ma da naka. In ka shiga kasuwa, dubi abin da aka tara tuli ana kiran araha, shi ne na lokacin, shi za ka sayo. Rigakafi ya fi magani, kuma na wannan karon a cikin kwandon cefane yake.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya albarkaci gonakinmu, Ya ba marasa lafiya sauƙi. A tura wa 'yan'uwa domin su ma su amfana.