Manhajojin Haɗa Kiɗa a Ma'aunin Kalangu da Algaita

Gabatarwa

A ranar hawan Sallar Gani a Daura, kunne yana riga ido sanin fitowar Sarki, domin kafin a hango laima an ji kakaki da algaita da tambari. Amma a gidajen biki na cikin birni, da na Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa, yawancin kiɗan da ake ji a yau daga lasifika yake fitowa, kuma a cikin kwamfuta aka haɗa shi. Matasan da suka riƙi wannan sana'a sukan yi gardama a kan manhajar da ta fi wata, suna duban yawan amon da ke cikinta da tsadarta da sunan da ta yi a ƙasashen Turai. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan ma'auni na aro ne. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: wace manhaja ce za ta iya yin magana da Hausa kamar yadda kalangu yake yi?

Asalin Al'amarin

Fiyano ya kafu a waƙar Hausa ne ta hanyar finafinan Kano, musamman bayan fitowar Sangaya a 1999, lokacin da fiyanon Yamaha samfurin PSR ya zama jigon ɗakunan ɗaukar waƙa. Irin wannan fiyano yana bin wani tsari da kamfanoni suka amince da shi a 1991, mai suna General MIDI, wanda ya tanadi amo 128. A cikinsu akwai sitar da shanai na Indiya, da koto na Japan, da kalimba ta Afirka, amma babu kalangu, babu algaita, babu garaya. Wanda ya nemi algaita a wannan jeri, abin da zai samu mafi kusa da ita shi ne shanai. Ke nan ƙamshin Indiya da ake kuka da shi a waƙoƙin zamani ba daga kallon fim kaɗai ya samo asali ba, har da laifin kayan aikin.

A 1996 kamfanin Steinberg na Jamus ya fito da fasahar VST, wadda daga 1999 ta ba da damar a sa kayan kiɗa a cikin kwamfuta a matsayin manhaja. Daga nan manhajoji irin su Cubase da FL Studio suka zama tamkar zaure, inda ake tara waɗannan kayan kiɗa a jera su a haɗa waƙa.

Kashi Uku na Manhajoji

Kashi na farko shi ne na masu ƙirƙirar amo daga tushe ta hanyar lissafi, kamar Sylenth1, da Serum wadda ta fito a 2014, da Vital wadda ta fito a 2020 kuma ake iya samun ta kyauta. Amfaninsu shi ne mai kiɗa yana da iko a kan amon, ya ja shi, ya lanƙwasa shi yadda ya so. Rauninsu kuwa shi ne ba su san fata da ice ba. Suna iya kawo abin da ya yi kama da ganga, amma kunnen Bahaushe ba ya ɗaukar sa ganga.

Kashi na biyu shi ne na masu zuwa da amo a shirye, kamar Nexus. Waɗannan su ne magadan fiyanon PSR. Suna da sauƙin aiki, ana iya kammala waƙar biki da su a yini guda. Sai dai abin da aka zuba a rumbunsu don kunnen wasu al'ummomi aka zuba shi, ga shi kuma kowa daga rumbu ɗaya yake ɗiba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa waƙoƙi da yawa suke kama da juna.

Kashi na uku shi ne na masu ɗaukar amon gaske su rarraba shi a kan madannan fiyano. Fitacciya a cikinsu ita ce Kontakt ta kamfanin Native Instruments na birnin Balin, wadda ta fito a 2002. Da irinta ana iya ɗaukar bugun kalangu ko kotso daga hannun gwani, mai ƙarfi da mai taushi, a adana. Aikin yana da wahala, kuma cikakkiyar manhajar da ake gina sabon kayan kiɗa da ita sai an saya.

Ma'aunin Gaskiya

Hausa harshe ne mai karin sauti. Wuya da ke tsakanin kai da kafaɗa, da wuya mai ma'anar wahala, hawa da saukar murya ne suka raba su. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammatarsa, fata ta ɗaure, amo ya hau, ya sassauta ya sauka. Da haka yake faɗar take, mahauci ya ji ya san da shi ake. Mai algaita kuma yana tara iska a kumatunsa, yana busa ba tare da yankewa ba, yana zamewa tsakanin amo da amo. Fiyano kuwa an yanka masa hawan amo zuwa matakai 12 daidai wa daida, abin da ya faɗa tsakanin mataki da mataki ba shi da madanni.

Idan aka ɗora manhajojin a kan wannan ma'auni, kashi na biyu shi ne a baya, duk da farin jininsa. Kashi na farko yana da rana, domin Serum da Vital suna karɓar sabon tsarin matakai wanda ba na Turai ba. Amma kashi na uku shi ne a gaba, saboda shi kaɗai yake farawa daga hannun makaɗi. Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Wani Hanzari

Mai karatu yana iya cewa wannan shawara za ta kashe kasuwar makaɗan gargajiya, tunda wanda ya mallaki amon kalangu ba ya bukatar mai kalangu. Wannan magana tana da ƙarfi. Sai dai fiyano ya riga ya rage musu kasuwa ba tare da an biya su ko sisi ba. Gara a ɗauki amon da yardarsu, a rubuta sunayensu, a biya su, a kuma yanka musu kaso duk lokacin da aka sayar.

Hanzari na biyu ya fi nauyi. Tambari da kakaki alamun sarauta ne, ba a yi wa kowa su sai sarki. In aka saka su a kwamfuta, kowane ango zai iya shiga wurin biki da busar da ba tasa ba. Saboda haka wajibi ne a raba aikin biyu. Kayan jama'a, irin su kalangu da garaya da gurmi da kukuma da sarewa, a ɗauke su don amfanin mawaƙa. Na fada kuwa kada a taɓa su sai da izinin Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da majalisarsa, kuma don adanawa da nazari.

Kammalawa

Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya Jos a 2015. Waƙoƙinsu suna nan a faifai, amma gwanayen da suka san sirrin irin wannan kiɗa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗaliban sashen Hausa su ne suka san karin sauti da take da kirari, matasan ɗakunan ɗaukar waƙa kuma su ne suka san kwamfuta. Idan ɓangarorin biyu suka haɗa kai, ɗalibi zai iya mai da ɗaukar amon kayan kiɗan gunduma ɗaya ta ƙasar Daura kundin digirinsa. In kuwa aka yi sake, wata rana wani kamfani na waje zai zo ya ɗauka, Bahaushe ya koma yana sayen amon kalangunsa da kuɗin ƙasashen waje.