Aikin Rani: Tuta a Bakin Allura

A ƙasar Amurka, idan sallar Kirsimeti ta kusa, Kirista suna rataye safa kusa da murhun ɗumama ɗaki. Daren 24 ga Disamba a zuba wa yara alawa da ƴan kyautuka a ciki. Safar nan ba ta sawa ba ce. Babba ce, ƙafa guda, ta ado. Mata da yawa su ke ɗinka abarsu, su sa sunan yaro a sama. Wasu kuma sai su ɗinka tutar ƙasarsu a jiki: layi 13 ja da fari, da taurari a cikin shuɗi. Taurarin tutar sun cika 50 a shekarar 1960, shekarar da Nijar ta samu ƴancin kai.

Ɗinkin da suke yi sunansa ɗinkin gicciye. Ana yin shi a kan yadi mai gida-gida. Kowane gida, zare ya tsallaka shi sau biyu kamar alamar X. Ba ya son gwaninta irin ta mai aikin babbar riga. Ƙidaya yake so. Wanda ya iya ƙirga ramin shuka zai iya.

Manomi ba shi da murhun rataye safa, amma yana da aljihun riga, da hula, da rigar matashin kai. Ga kuma tutar Nijar, wadda aka tsaida ranar 23 ga Nuwamba 1959.

A ƙirga gida 36 a kwance, 30 a tsaye. Layi 10 na sama ruwan goro, 10 na tsakiya fari, 10 na ƙasa tsanwa. Kowane kashi gida 360 ke nan. Wahalar tana ga rana. A cikin farin, a bar layi ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Layi 8 da suka rage, a ɗinka ruwan goro a tsakiyarsu haka: 4, 6, 8, 8, 8, 8, 6, 4. A layin gida 4, farare 16 za su rage dama, 16 hagu. In ba su zo daidai ba, an yi kure, sai a warware tun da wuri. Gara a fara zana shi a takardar lissafi mai gida-gida, irin ta ƴan lakkol, sannan a taɓa allura.

A kula da tsarin launi. Wanda ya tsaida layukan a tsaye, ya manta rana, tutar Kwaddibuwa ya ɗinka. Ƴan ci-rani da suka dawo daga Abijan za su yi masa dariya a kasuwa, kuma ba mai saye.

Sai maganar zare. Wani zaren mai araha yana zuba. Wanki ɗaya, ruwan goro ya bi farin, aikin kwana da kwanaki ya lalace, kuɗin zare ya tafi. Kafin a sayi da yawa, a yanki guntu, a jiƙa shi da ruwan sabulu, a matse cikin farin tsumma. In tsumman ya rine, a bar wa mai tebur kayansa.